Tayoyin Motar Mata

Shekarar da ɗiyata ta fari ta samu ciki a gidan mijinta can Gurbin Ɓore, ita ce shekarar da na san taya iri-iri ce. Kafin nan, ni a wurina taya baƙar aba ce mai zagaye, in ta mutu a yanka ta a yi takalmi ko guga. Amma da ya zamana a kan taya za a ɗauko mini yarinya da cikin wata bakwai, ta zo gida goyon ciki kamar yadda ake yi wa kowace mai haihuwar fari, sai na zama ɗaliba ba tare da na je makaranta ba.

Ni ba mai fita ba ce. Tun da aka kawo ni gidan nan na Ƙaura, in ba biki ko gaisuwar rasuwa ba, ƙafata ba ta wuce zaure. Sai dai ɗakina ya haɗa bango da ƙofar gida, kuma a gindin darbejiyar da ke wajen nan wani mai faci yake aikinsa. Bangon ƙasa kuwa ba ya riƙe asiri. Ina tankaɗe ina jin duniya.

Akwai wasu motocin haya biyu da ake yawan kawo masa gyaran taya. Mai motocin ƙanin maigidana ne. Da can fetur yake sayarwa a galan bakin hanya, kullum yana warin mai kamar fitilar ƙwai. Da aka ba mu jiha, kowa ya ɗauki takardunsa ya nufi Gusau neman aiki, sai ya ga ashe kuɗi na cikin jigilar mutane, ya sayi mota guda. Da shari'a ta zo aka ce a raba maza da mata a motocin haya, shi ne na farko a unguwarmu da ya ƙaro wata tsohuwar bas, ya sa aka rubuta mata "mata zalla" da koren fenti. Daga ranar wandonsa ya ɗage, muryarsa ta yi laushi, in ya zauna a majalisa sai ka ji yana cewa shi ba don riba ya yi ba, don kare mutuncin iyayenmu mata ne. Mutane na ta sa masa albarka yana sunkuyar da kai, kamar wanda ya gina masallaci.

Ni dai raba motar nan ya yi mini. Ka zauna ka miƙe ƙafa, ka shayar da ɗanka, ba wani ƙato mai warin taba da zai danne maka gwiwa tun daga Ƙaura har Shinkafi. Ba ni da ta cewa a kan wannan. Abin da na ji ta bango shi ne damuwata.

Wata safiya gab da faɗuwar damina, na ji mai motocin ya zo wurin mai faci suna shawara, don duka motocin biyu tayoyinsu sun gaji.

Mai faci ya ce, "Alhaji, iri ukku na akwai. Akwai mai tsada, wadda ka zuwa naɗe cikin leda, wagga in ka sa ta sai ka manta da ita. Akwai sabuwa mai sauƙi, ta yi maka damana guda in Allah ya so. Sannan ga kwatano, wadda masu ita sunka ci rabonsu sunka yar."

"Motar maza a sa mata masu tsada, duka huɗu."

"Madalla. Ta mata hwa? Ko masu sauƙin ne a sa mata, sun hi waɗanda ag gare ta."

"Waɗanda za ka cire ma ta maza, ina za ka kai su?"

"Haba Alhaji. Waɗannan sun shahe kamar tahin hannu."

"To ba ka da wuƙa? Yi musu zane."

Mai faci ya jawo wuƙarsa. Shi kuwa gogan naka sai ya shiga yi masa karatu, da muryar nan tasa ta wa'azi. Ya ce namiji in ya zo tasha sai ya zagaya mota, ya shuri taya da ƙafa, ya duƙa ya duba, in ba ta yi masa ba ga wata can gaba tana lodi. "Mace hwa? Kanta na ƙasa, lulluɓe har ido, shiga kawai takai. Kuma in ba ta shiga tawa ba, ta wa za ta shiga?" Ya yi dariya, ya ƙara da cewa ai mata ma ba su da nauyi.

Ba su da nauyi! Wannan mutum ko bai taɓa ganin mace za ta ganin gida ba? Ga ta, ga goyo, ga wani a hannu, ga buhun gero na tsaraba, ga tukunya, ga ƙullin daddawa, wata har da akuya a ƙarƙashin kujera. Namiji hula ce kawai da carbi.

Ranar nan wuni aka yi ana gasa ƙarfe a wuta ana tsaga wa tsofaffin tayoyi sabon zane. Warin ƙonannen roba ya cika gida har cikin miyata. Da aka gama aka wanke su da omo aka goge da baƙin mai, sai ga su suna sheƙi kamar tsohuwar da ta sha lalle za ta biki. Daga nesa ka rantse jiya aka kwance su daga leda.

Ba a daɗe ba na ɗanɗana da kaina. Aka yi rasuwa a danginmu na Shinkafi, na shiga motar matan. Mun kusa Badarawa sai muka ji kamar an harba bindiga, mota ta yi dama ta yi hagu, mata na salati, yara na kuka, har Allah ya tsayar da mu a bakin wata gonar dawa. Muka fito muka zauna a inuwar ƙirya. Na je na dubi tayar: ta tsage daidai kan zanen nan, wayoyi sun fito kamar gashin tsintsiya. Safayar da direba ya sauko da ita kuwa ta fi ta tsufa. Muna nan zaune sai ga motar maza, ita ma ta ƙanin maigidan nawa, ta taho a guje da wuri biyu ko uku babu kowa. Direbanta ya danna mana oda, ya ɗaga hannu, ya wuce. Ai ba ya ɗaukar mata. Wata tsohuwa kusa da ni ta bi ta da kallo ta ce, "Allah sarki, ji tahiya kamar bisa tabarma."

To, a wannan motar za a je a ɗauko mini yarinya. Surukanta sun aiko sun tsayar da ranar Alhamis, kuma hanyar Zurmi zuwa Gurbin Ɓore a lokacin ruwa ya cinye gefenta, rami na bin rami.

Ga kuma inda abin ya ɗaure ni. Ɗiyar fari ce. Ban taɓa kiran sunanta ba, ban taɓa yi mata wasa a gaban mutane ba, ko zazzaɓi take yi sai dai in sa wani ya tambaya. Haka muka tashi muka ga iyayenmu na yi. Ina ni ina fitowa tsakar gida in ce ina tsoron abin da zai samu ɗiyata? Sai a yi shekara ana ba da labarina a gidajen suna. Maigida ma kunyar nan ce ta kama shi, ga shi kullum yana gonarsa ta Banga. Da na ɗan gutsura masa zancen sai ya ce, "Allah na tsarewa," ya jawo buta.

Sai na ce bari in gwada mai motar da kansa, tunda akwai wasa tsakanin mace da ƙanin mijinta. Ya shigo cin tuwo, na ajiye masa kwano na ce, "Alhaji ƙarami, motag ga taku ta mata, ranar Alhamis da waɗanga takalman za ta Gurbin Ɓore?"

"Mi as same su, matar Yaya?"

"Waɗanda sunka zubar da mu Badarawa."

"Ƙaddara ta. Ko jirgin sama na hwaɗuwa." Ya kai loma, ya dube ni yana murmushi. "Wai wa za a ɗauko ne ma? Na manta. Hwaɗi sunanta in ji."

Ya san ba zan iya ba. Ya zauna yana siɗe yatsu yana jiran in faɗa, matan gida na dariya, ni ma na yi dariyar don kada a gane. Amma tun daga ranar, duk sanda na ji ana kiransa mai taimakon addini sai in ji yawu ya taru a bakina.

Saura mutum guda, uwar mijina. Tsohuwa ce ƙarama kamar tsinke, ba ta gani sosai, amma ba a taɓa mayar mata da magana a gidan nan ba. Kaka kuwa ba ruwanta da kunya, jikar ma "ƙawata" take ce mata. Na ɗauki wake na je ɗakinta ina tsinta. Ban ambaci yarinya ba ko sau ɗaya. Labarin Badarawa na ba ta, kamar abin dariya: yadda muka yi salati, yadda akuyar wata ta tsere cikin dawa. Sannan na ba ta labarin wuƙa da wuta da baƙin mai, da maganar mace kanta na ƙasa. Ta saurara tana murza goro a magogi. Da na gama ta ce, "Waken ga ya tsintu hakanan, tashi ki ɗora."

Ranar Laraba da la'asar ta sa aka kira mata mai motar. Na dawo bakin murhu inda zan ji da kyau.

"Gobe da ni za a tahi ɗauko ƙawata."

"Haba Inna! Ke da ƙahwarki? Ga gwaggonninta nan za su."

"Da su da ni."

"Inna, hanyag ga ba ta da kyau."

"Hanya ta ba ta da kyau, ko mota?"

Ya yi tari. Ya ce to shi zai kai ta da kansa a ɗaya motar, ai shi ɗanta ne, babu laifi. Ta ce sauran matan da za su rakiya fa, su ma shi ya haife su, ko su suka haife shi? Kuma ba shi ne ya cika gari da cewa mace ba ta shiga waccan ba? Ya ce to zai yi mata shatar wata mota daga tasha.

"Ina da ɗa mai motar mata, in shiga ta wani? Mi mutane za su ce? Wadda kaka sa ɗiyan mutane ciki kullum, ita nika shiga. In lahiya ta kai su, ni ma ta kai ni."

Takalminsa kawai na ji yana ja har zaure.

Da safe ina sharar ɗaki na ji ƙarar jak da sufana. Aka ɗaga motar maza aka kwance mata tayoyin nan masu tsada, aka ɗaura wa ta mata, aka mayar wa ta maza masu zanen wuƙa. Mai motar na tsaye yana tsaki yana ce wa mai faci ya yi sauri kafin mutane su fito. Ashe dai ya san bambancin. Ashe ba ƙaddara ba ce in uwarsa ce a ciki.

Suka tafi. Alhamis kuwa ranar kasuwar Shinkafi ce, ranar da motar maza ke yin sawu bayan sawu. Wajen azahar na ji direbanta ya dawo gindin darbejiya yana ba mai faci labari. Wai fatake suna zuwa su shuri taya, su duƙa su duba, su miƙe su wuce gaba. Wani dillalin shanu ma ya ce a gaya wa Alhaji shi yana da iyali. Har rana ta take motar ba ta cika ba. Na so in yi dariya amma hankalina na kan hanyar Gurbin Ɓore. Na daka geron da ba a sa ni ba, na wanke kwanonin da na riga na wanke, duk motar da ta wuce sai in tsaya da taɓarya a sama.

Bayan la'asar suka iso. Gida ya ɗauki guɗa, kowa ya yi waje, ni na shige ɗaki na zauna bakin gado kamar ban ji ba. Ta labule na hango yarinyar tana shigowa a hankali, tsohuwa na riƙe da hannunta tana yi mata tsiya wai ta yi ƙiba kamar randa. Ƙafafunta sun ɗan kumbura, ban da haka lafiya lau. Da ta zo gaishe ni ta durƙusa daga bakin ƙofa, na ce, "Kun iso?" ta ce, "Mun iso." Na tura mata kwanon fura ina kallon bango.

Ba ta kai ga shanye furar ba na sake jin jak. Inji bai ko huce ba. Mai faci na cewa, "Alhaji, ko a bari sai da sahe?" shi kuwa yana cewa a kwance yanzu a mayar wa ta maza, gobe akwai masu zuwa Gusau.

Da aka gama ya shigo yana goge hannu da tsumma, ya tsaya tsakar gida yana jiran a yaba masa. Ya leƙo wajen murhu inda nake hura wutar ruwan zafi.

"Matar Yaya, ga amanarki nan an kawo lahiya. Ba godiya?"

Na ce, "Akwai. In ka je tasha ka gaishe min da mazan nan, ka ce musu mun gode da aro."