Ragon Inna ya riga ni hawa jirgi

Shekarar da fara ta dame mu a Arewa, ina ma'aikacin gona a Dogon Dutsi, aka turo wani ƙaramin jirgi mai inji biyu ya duba gonaki daga sama. Tsoho ne tukuf. Kwanansa na farko injin dama ya fara ɗigar da mai, dole ya zauna jiran kayan gyara daga Yamai.

Matuƙin, wani dattijo mai fara'a, a gidanmu ya sauka. Inna ta riƙa ɗura masa fura da tuwo har ya fara kiranta uwa. Na tambaye shi ko inji biyu ba ya fi aminci ba. Ya yi dariya ya ce wahala biyu dai, ka lallashi wannan, wancan ya yi fushi. Ya kuma yi mini alkawarin kujera zuwa Yamai. Ni da ban taɓa tashi sama ba, na bi gari ina shela, har sabuwar riga na ɗinka.

Ranar tafiya da sassafe ya so tashi, amma makanike bai gama ba sai da rana ta take. Matuƙin ya ce a irin wannan zafin jirgin ba shi da ƙarfi, in inji ɗaya ya mutu ɗayan ba zai riƙe kaya mai yawa ba. Nauyin mutum guda kawai ya rage.

Sai ga Inna a amalanke, da rago a ɗaure da kuma buhun gero.

"Ɗana, ga tsarabar iyali," ta ce masa.

Ya dube ni, na dubi ragon. Wallahi raina ya ɓaci, na ji kamar in yanka shi a wurin. Amma mutane sun cika filin, kuma ban taɓa ganin an mayar wa Inna da kyautarta ba. Da hannuna na ɗaga ragon na sa a kujerata, yana ta harbin sabuwar rigata.

Jirgin ya yi ta gudu kamar ba zai tashi ba, da ƙyar ya tsallake bishiyoyi. Inna tana murmushi tana ɗaga hannu.

Har yau ban hau jirgi ba. Abokaina in sun ji ƙara a sama sai su ce in fito in gaida ragona. Inna kuwa har ta rasu tana ba da labarin baƙon da ya karɓi kyautarta duka, bai bar ko ƙwaya ba.