Ƙyallayena a Gidan Baba Modu

Dada, kakata ta wajen uba, ba ta tatsuniya sai da damina. A cewarta da rani yaro ba ya kamuwa, sai ruwa ya sauka ake samun zaunar da shi. Gidanmu yana cikin tsohon garin Azare. Da an idar da magariba za ta hura wuta a rumfar girki, ta jefa ɗanyen ganyen dogonyaro saboda sauro, ta jera masara a gefen garwashi. Mu jikoki mu kewaye ta, hayaƙi na sa mu hawaye, amma ba mai matsawa. Bafulatana ce 'yar garin Disina, in muka cika surutu sai ta juya harshe ta yi mana faɗa da Fillanci. Ni take kira maigida, tana cewa ba ta yi dacen miji ba, wanda bai san cefane ba sai cin masara. Na so ta ƙwarai, har yau in na ji hayaƙin dogonyaro sai kewarta ta kama ni.

Ba ta buɗe labari yadda sauran tsofaffi suke yi. Sai ta ce, "Ga baƙuwa a ƙofa." Mu amsa, "Ta shigo, akwai tabarma."

Tatsuniyar da ta fi zauna mini ita ce ta wani gari da ke kan gangare. Marini ne a can sama, sai maƙeri, sai mahauci, sai wata tsohuwa mai saƙar faifai a can ƙasa. Duk damina marini zai tara ƙasa a ƙofar gidansa don ruwa ya wuce gaba. Maƙeri ya yi nasa tudun, mahauci ya yi wanda ya fi, ruwan gari kaf ya tattaru a ɗakin tsohuwa. Ta kai kuka wurin mai gari, aka tara mutane, kowa ya rantse cewa ruwansa a ƙofarsa yake shanyewa. Nata kuwa daga sama yake zuwa, lamarin Allah ne, sai haƙuri.

Tsohuwa ta koma gida. Ta jira ranar da hadari ya haɗu a gabas, ta dama fura ƙwarya guda, ta aika a kira mata mutanen nan uku. Suna cikin sha ruwa ya kece, ba halin fita. Can sai ga ruwa ya kutso ɗakin, launinsa shuɗi. Bayansa gawayi na yawo, bayan gawayi ga ƙahon akuya.

A nan Dada takan ɗaga masara tana jujjuya ta, ta ƙanƙance murya. "Tsohuwa ta ce, ikon Allah, yau sama har da akuya ta zubo mana, ga rini, ga gawayi."

Mu yi ta dariya har da birgima. Washegari, in ji ta, mutanen suka fito da fartanya suka baje tudunsu, suka haƙa wa ruwa hanya ɗaya har rafi. Sai ta ce baƙuwa ta naɗe tabarmarta, mu ma mu naɗe tamu. Ni dai dariyar kawai na ɗauka. Abin da ya dame ni shi ne ko sun ƙarasa furar. Ta ce ai irina ne, sun shanye tas.

Shekaru suka ja, Dada ta rasu, na zama tela, na yi iyali, na gina gida a wata sabuwar unguwa a bayan gari ta hanyar Gadau. Unguwar haɗin gambiza ce, ma'aikata da 'yan kasuwa da manoma, da waɗanda suka taso daga Borno da Yobe suka zauna. Babu lambatu ko ɗaya. Damina ta farko ruwa ya shiga zauren da nake ɗinki, sai na kira magini ya yi mini dakalin siminti da ya karkatar da shi ƙasa. Na ji daɗin wayona. Kafin wata damina kowa a layinmu ya yi nasa.

Gidan ƙarshe a gangaren na Baba Modu ne, wani dattijo daga Yobe mai sayar da tabarmi. Ginin ƙasa ne. Katanga ɗaya ta riga ta faɗi, ɗakin da matarsa da jikokinsa ke kwana ya tsage daga sama har ƙasa. Wani babban ruwa ɗaya ya rage ɗakin ya zube, kuma ba shi da inda zai kai su. Ya gaya wa mai unguwa, aka taru a ƙofar masallaci bayan la'asar. Kowa ya ce ruwansa ba ya kaiwa can. Alhaji Sani mai shagon hatsi ya ba da shawarar a rubuta wa ƙaramar hukuma takarda a jira. Ni ma na gyaɗa kai, kuma har yau ina jin kunyar wannan gyaɗawar.

Bayan kwana biyu aka yi ruwa da sassafe. Da ya ɗauke na tafi kai wa Baba Modu rigarsa da na yi wa faci. Na tarar da tsakar gidan ta zama taɓo, iyalinsa na kwalfar ruwa da bokiti. A gindin ɗakin da ya tsage na hango ƙyallen shadda ruwan goro. Ni na yanka shi da almakashina a makon nan. Kusa da shi ga wani, ga wani, duk na san masu su.

Baba Modu ya ga inda nake kallo. Ya ce, ba tare da ko ɗigon fushi ba, "Malam Isa, ai jikata Falmata tara su take yi, tana yi wa 'yartsanarta riga. Duk aka yi ruwa kana aiko mana."

Na miƙa masa rigarsa. Na roƙe shi kada a share komai, na wuce gidan mai unguwa na ce a sake taro, amma a tsakar gidan Baba Modu. Da jama'a suka shigo ban yi dogon bayani ba. Na tsinci ƙyallayena na riƙe, na ba su tatsuniyar Dada a taƙaice. Ina magana idanu na bin ƙasa. Bakanike ya ga baƙin mai yana yawo a kan ruwa. Mai kemis ya ga kwalayen maganinsa. Alhaji Sani ya sa ƙafa ya juya wani yagaggen buhu, sai ga alamar shagonsa. Ya yi dariya har da tari.

"To, ni ne mahaucin ke nan," in ji shi. "A bar takardar nan. Asabar kowa ya fito da abin haƙa."

Ran Asabar ni na fara sa wa dakalina guduma, kuma ban taɓa jin daɗin fasa abin kaina irin na ranar ba. Gayya ce sosai. Maza da diga da shebur, mata suka yi dambu da kunun tsamiya, Alhaji Sani ya tuɓe babbar riga ya shiga rami har gwiwa. Asabar uku muka yi muka kai lambatun har wani tsohon kududdufi, magina biyu na unguwar suka ɗaure ɗakin suka tayar da katangar.

Babban ruwan ya zo wata rana bayan azahar. Muka tsaya a ƙofofinmu muna kallonsa yana gudu a hanyar da muka yi masa. Yana tsagaitawa, ba wanda ya kira wani, sai ga mu duka mun gangara. Muka tarar da Baba Modu a zaure a kan busasshiyar tabarma yana dafa shayi, ɗakin na tsaye. Wani ya yi kabbara, muka amsa gaba ɗaya, ni kuwa har da ƙwalla. Tun daga nan duk shekara kafin ruwan farko sai unguwa ta fito yashe lambatu, ba a ma jiran sanarwa.

Sai da na yi furfura na gane cewa Dada ba mugaye ta ba mu labarinsu ba. Marininta da maƙerinta mutanen kirki ne irina, waɗanda ba su taɓa bin ruwan ƙofarsu sun ga inda yake tsayawa ba.

Mutum ɗaya ce aikinmu bai yi wa daɗi ba. Falmata ta zo zaurena tana ɓata rai, wai ruwa ya daina kawo mata ƙyalle. Yanzu duk Juma'a ni nake kai mata da hannuna, a bushe, in yi sallama a ƙofa.