Gwaggo Tela da Masu Takunkumi

Gwaggo ƙanwar mahaifina ce, kuma tela ce. Shagonta ɗaki ɗaya ne a bakin titi, tsakanin mai gyaran waya da mai sayar da kayan famfo. Kekenta ƙofa yake kallo, don ta ga duk mai shigowa. Tana budurwa sanƙarau ya kwantar da ita. Ta tashi da ranta, amma kunnen dama ya mutu murus, na hagu kuwa sai ƙara mai ƙarfi yake ɗauka, kamar tsawa ko hon ɗin babbar mota. Maganarta ba abin da ya taɓa ta, rangaɗaɗau take yinta, har da baƙa idan ta kama. Da leɓe take ji. Idan kana fuskantarta, ko raɗa ka yi sai ta kama ka.

Mijinta, direban motar makaranta, yakan ce ya fi kowane magidanci sa'a, idan zai yi mita sai ya juya baya kawai. Ita kuma ta ce ko ƙeyarsa ta kalla ta san da ita yake.

Haka ta raini 'ya'ya huɗu, ta riƙe shagonta, ba ta taɓa neman a raka ta ko'ina ba. Sai da hawan jini ya kai ta babban asibiti.

Ta je da safe ta zauna a bencin gaba. Nas ɗin da ke kiran sunaye tana sanye da takunkumin rufe baki da hanci, kanta a sunkuye. Waɗanda suka tarar da Gwaggo suka shiga suka fito, ita tana zaune. Da rana ta take ta miƙe ta je gaban teburin.

"Sista, ki yi haƙuri, ni ba na ji. Sauke takunkumin in ga bakinki."

Takunkumin ya motsa, hannu ya nuna mata bayan layi. Wata mata da ke kusa ce ta juyo ta maimaita mata abin da aka ce: wai ta yaya marar ji zai yi magana kamar rediyo, an kira ta har an gaji.

Likita ya fi sauƙin kai, amma da ta gaya masa matsalarta sai ya ɗaga murya, idonsa na kan kwamfuta. A wurin karɓar magani ma haka, gilashi a tsakani, baki a rufe. Ashe an canza mata magani, an ce ta daina shan tsohon. Ba ta ji ba. Ta haɗa biyun tana sha, har ranar da jiri ya ɗebe ta a shago, goshinta ya bugi ƙarfen keke. Mai gyaran waya ne ya kai ta asibiti ya kira ni.

Na same ta a ɗakin mata, goshi a naɗe, ranta a ɓace. Wata nas tana tsaye a ƙarshen gadon tana yi wa 'yar'uwarta nas bayani, dukansu da takunkumi.

"Irin masu taurin kan nan ne. A gaya musu su ƙi ji, su dawo su ɗora mana aiki."

Na ce, "Sista, kurma ce fa."

"Wace kurma? Ɗazu ta ture ni, ta wanke ni tas."

Daga baya na ji yadda aka yi. Ta bayanta nas ɗin ta zo ta cafki hannunta za ta sa allura, Gwaggo ta firgita ta fizge.

Ina tsaye ɗayar nas ɗin ta zagaya bayan gadon da farantin ƙarfe a hannunta, ta sake shi a ƙasa. Gwaggo ta zabura har robar ƙarin ruwa ta girgiza.

"To kin gani," in ji ta farkon. "Tana ji sarai."

Gwaggo ta dubi farantin, ta dube su, ta juyo gare ni.

"'Yar nan, me suka ce? Kada ki rage mini komai."

Ban rage ba. Ta bi bakina da ido har na gama. Sannan ta ce in kira mata babbarsu.

Babbar nas ta zo, dattijuwa mai tabarau, ita kam ta sauke takunkuminta. Ta saurare mu, ta ce aiki ya yi wa yaran yawa, a yi haƙuri. Sai ta ƙara da cewa, "Gaskiya, Mama, ba ki yi kama da kurma ba."

Gwaggo ta ce, "Da me kurma yake kama? Ƙaho ne da shi? Da na shigo da sanda ko a keken guragu da kun ba ni kujera. Ni da na buɗe baki na gaya muku, sai da kuka gwada ni da faranti kamar kyanwa."

Ba wanda ya kira masu farantin su ba ta haƙuri. Washegari aka sallame ta.

Maganin dole ne, asibitin ma dole ne, don babu wani a kusa. Yanzu duk ranar ganin likita ni nake barin aikina in bi ta. Ina zaune gefenta, likita ya yi magana, in juya in maimaita mata. Wannan ne ya fi ci mata rai. Akwai abubuwan da mace mai jikoki ba ta son faɗa a gaban 'yar wanta, kuma na lura idan aka tambaye ta ko akwai wani abin da ke damunta, sai ta dube ni, ta ce babu.

Idan muka wuce teburin kiran sunaye ba ta gaishe su. Na taɓa cewa ta sassauta, tunda an canza wasunsu. Ta ɗauke idonta daga bakina tun ban ƙarasa ba.