Tsamiyar Gwaggo da Ayarin Rage Hayaƙi

Babura

Ana sallame asuba na nufi tasha. Jiya da yamma Gwaggo Ladi, yayar mahaifina, ta ari waya ta kira ni daga Gwiwa. Wani kamfanin bulo da kwanon rufi ya gina mata ɗaki kyauta, irin wanda suka ce ba ya ɓata iskar duniya. To amma tsamiyar tsakar gidanta tana tare wa farantin sola rana, don haka yau za a sare ta. Da 'ya'yan tsamiyar nan take dama kunun sayarwa, a inuwarta take wuni tun tana amarya.

"Kai ne ɗan boko," in ji ta. "Je ka roƙe su da yarensu."

Na shiga wata tsohuwar tasi, mu biyu a gaba, huɗu a baya.

Kazaure

Wajen ƙarfe takwas na tarar da ayarin kamfanin da zai je Gwiwa bikin buɗe ɗakin Gwaggo: jif-jif reras, duk injinansu a kunne don kada sanyin ciki ya gudu. Na rusuna wa manajansu.

"Ranka ya daɗe, maganar wata tsamiya ce a Gwiwa."

"Ai mu masoya itatuwa ne," ya ce. "Shiga mota, ma yi magana a hanya."

Motar da aka nuna min a-kori-kura ce ta can ƙarshe, ni da shuke-shuke a leda. Kafin mu tashi aka dasa su a bakin titi, aka tafa, aka ɗauki hoto. Manya na juya baya, leburori suka tuge su suka mayar leda.

"Lafiya?" na tambayi direba.

"Malam, in an bar su nan, me za a dasa a Roni?"

Roni

Ba hanyar Gwiwa ba ce, amma wanda aka rage wa hanya ba shi da bakin magana. A shingen 'yan sanda aka sara wa jif-jif, mu kuwa sai da aka leƙa ledojinmu.

Manaja ya yi dogon jawabi, janareto na gurnani a bayansa, cewa nan gaba kaɗan kamfaninsu zai rabu da hayaƙi kwata-kwata. Wani ɗan acaɓa kusa da ni ya ce, "Allah Ya sa ya fara da wannan injin." Aka sake dasawa, aka sake tugewa. Na sayi ƙosai na ɗari biyu, na ci a tsaye. Sau biyu ina tarar Manaja, sau biyu yana ce min in kwantar da hankalina.

Gwiwa

Bayan azahar muka shigo. Tun daga nesa na hango hayaƙi ya turnuƙe unguwar su Gwaggo. Ashe tun hantsi tsamiya take ƙasa. Masu dafa wa baƙi shinkafa ba su ga dalilin sayen itace ba, suka yi ta cusa ɗanyun rassanta a murhu. Da tari Manaja ya yanke ƙyallen buɗe gida.

Ɗakin dai tubarkalla, fitila na ci da rana tsaka, sai dai kwano ya ɗauki zafi, ko akuya ta ƙi shiga. Gwaggo na zaune a kan kututturen. Na durƙusa zan ba ta haƙuri.

"Na gani," ta ce. "Ka ci abinci?"

Aka kira ta gaban masu hoto. Manaja ya miƙa mata shuka ɗaya, ta yi yaushi, don yau sau biyu ana tuge ta.

"Iya, ga madadin bishiyarki."

"Allah Ya saka, Yallaɓai. Yaushe inuwarta za ta iso?"

"Shekara goma sha biyar, da yardar Allah."

"To a kai ta maƙabarta, can za ta same ni."

Suka kwashe da dariya, suka tafa. Ni da na san Gwaggo ban yi dariya ba.

Gida

Na iso Babura bayan magariba, rigata sai warin hayaƙi. Na gode wa Allah da Ya dawo da ni lafiya. Na gode wa direban a-kori-kura da bai ɓoye min gaskiya ba, da kamfani da ya zaga da ni garuruwa kyauta. Babbar godiya ga Gwaggo, da ta ƙulla min 'yar tsamiya a leda, ta ce a dama wa yara kunu, a gaya musu ita ce ta ƙarshe.