Inda Som-O Yake Kallo

Lung Thawin, wato Kawu Thawin a yaren ƙasarsu, bai taɓa son kare ba, kuma ba ya ɓoyewa. A zamaninsa ango da amarya yake ɗauka hoto, da ɗaliban da suka gama jami'a, da samarin da aka aske wa kai za su shiga zaman ibada. Da wayar hannu ta shiga aljihun kowa, sai mutane suka ɗauke ƙafa daga shagonsa da ke saman shagon mai taliya a wani lungu na Bangkok. Karnuka ne suka rufa masa asiri. Mutanen da ba za su ɓata lokaci a ɗauki hoton uwarsu ba, su ne ke hawowa rungume da kare, an yi masa wanka an fesa turare.

Aikin na ƙasa ne. Sai ya kwanta rub da ciki idonsa ya daidaita da na karen, ga gwiwoyi sun daɗe da yi masa tawaye. Abu ɗaya ya koya a ƙasan nan: kare ba ya kallon kyamara, ba ya kallon wanda ya saye shi, mai ba shi abinci yake kallo. Saboda haka kafin ya kunna fitila yakan gano ko wane ne, ya tsayar da shi bayan kafaɗarsa.

A cikin masu zuwa duk shekara akwai Khun Nai Amporn (Khun Nai laƙabin matan manya ne), uwar gidan wani dillalin motoci. 'Ya'yanta sun watse ƙasashen waje, sai ta tattara soyayyarta ta ɗora wa wani ɗan farin kare mai gashi buzu-buzu, Som-O. Ɗanta take ce masa. Amma mai dafa masa kaza, mai kwana da shi in ana tsawa, ita ce Bua mai aiki, 'yar ƙauyen su Thawin. Shi ya samo mata aikin, da albashin kuma take riƙe da yaranta a makaranta. Kowa ya san Khun Nai ta taɓa sallamar direba don kawai karen ya ruga wurinsa ya bar ta tsaye.

Dabarar Thawin ke nan tun farko: ya miƙa wa Bua farin allon da ke mayar da haske, ya tsayar da ita bayansa, uwar ɗakinta na gefenta. Kare ya kalli Bua, Khun Nai ta ga ita ake kallo, kowa ya koma gida lafiya.

Bana Khun Nai ta shigo da karen ita kaɗai, ta mayar da ƙofa ta rufe.

"Bua fa?" in ji Thawin.

"Tana matakala. Bana ni da ɗana kawai."

"Wa zai riƙe min allo?"

"Ka jingina shi da kujera, Lung. Kujerar ma ta fi ta tsayawa wuri ɗaya."

Thawin ya lallaɓa ya kwanta. Som-O ya zauna bisa shimfiɗa da jan ƙyalle a wuya, ya juya kai ya kafa wa ƙofa ido. Khun Nai ta tafa hannu, ta kaɗa 'yar ƙararrawa.

"Kalli Mama, ɗan albarka. Ga Mama nan."

Ko kunne bai motsa ba. Thawin ya yi kukan kyanwa, ya yi fito, ya ɓare busasshiyar hanta ya riƙe saman kyamara. Dattijo da furfurarsa yana kukan kyanwa a ƙasa, kare ma bai ga ya isa a waiwaye shi ba. Ya gaji, gajiyar da ba ta gwiwa kaɗai ba.

"Khun Nai, ai hoton gefe ake yayi yanzu. Kin ga yadda ya miƙe wuya? Kamar sarki a jikin kwabo."

Ta sunkuyo ta leƙa bayan kyamarar, ta daɗe tana kallo.

"Lung, ka tsufa da wayo. Shekara nawa kana sa ta riƙe maka allon da ba ka bukata?"

Ta je ta buɗe ƙofar da kanta.

"Shigo ki tsaya inda kika saba."

Bua ta shigo tana sunkuyar da kai, ta tsaya bayansa hannu wofi. Nan take karen ya juyo, kunnuwa a tsaye, ido na ƙyalli, baki a buɗe kamar mai dariya. Thawin ya danna. Tun da ya fara aikin nan bai ɗauki wanda ya kai shi kyau ba, kuma bai ji daɗin komai a ciki ba.

Khun Nai ta ɗauki karenta yana ta leƙen Bua ta kan kafaɗarta.

"Ka wanke biyu," ta ce. "Babba na falona. Ƙarami nata ne, ta tafi da shi ƙauye. Ranar Asabar za ta bar min gida."

Ta sauka, takalminta na ƙwanƙwasa matakala. Thawin ya so ya bi ta ya ba da haƙuri, ya dafa ƙasa, gwiwa ta ƙi. Bua ce ta kama hannunsa ta ɗaga shi zaune. Ya rasa da wane ido zai dube ta, don shi ya ɗauke ta daga gonar shinkafa ya kawo ta nan.

"Ki yi haƙuri, Bua. Zan je gidan gobe, zan yi mata magana."

"Bar shi, Lung, ba za ta sauya ba." Ta goge ido da gefen riga, ta leƙa matakala, ta rage murya. "In dai za ka je, ka gaya mata Som-O ba ya cin kaza sai an cire fatar. Ni in na faɗa, haushi za ta ji."