Ranar da Na Kira Sunan 'Yar Farina a Tsakiyar Teku

Har 'yar farina ta kai shekara goma sha ɗaya ban taɓa kiranta da sunanta ba. Haka na taso na gani a gidanmu a Kano. Mahaifiyata har ta koma ga Allah ban ji sunan babban yayanmu a bakinta ba, sai dai "kai" ko "yaron nan". Kunyar ɗan fari ce, kuma ba wanda ya taɓa ɗaukarta ƙiyayya, domin ga kaka, ga gwaggo, ga inna, masu goya yaro su yi masa kirari su cika masa ciki da ƙosai. Uwa ta kau da kai, su kuma su yi mata aikin.

To mu sai karatun maigidana ya kawo mu Kuala Lumpur ta ƙasar Malesiya, yarinyar tana 'yar shekara huɗu. Muka tare a hawa na goma sha ɗaya na wani bene a unguwar Setapak, babu kaka babu gwaggo. Ni kuwa na taho da kunyata cif, ko ƙwaya ban bari a filin jirgi ba. "Ke, zo ki ci abinci." "Ke, ina ɗankwalinki?" Da na haifi ƙanwarta a can, ita kam har waƙa nake yi da sunanta ina juyi a kicin. Ban taɓa tunanin akwai mai tsaye a bakin ƙofa tana ji ba.

Wata rana ta dawo daga makaranta ta ajiye jaka, ta tsaya a kaina ina yanka albasa. Ta tambaye ni da Turanci, don da shi take ba ni amsa ko da Hausa na yi mata magana: "Umma, sunana ne ba kya so, ko ni ce?"

Wuƙar ta kusa yanke ni. Na ce, "Ke, wuce ki cire kayan makaranta."

Babanta ya zaunar da ita ya yi mata bayanin al'ada tiryan-tiryan, irin na malaman jami'a. Ta saurara ta ce, "Okay lah," ta tashi. Daga ranar ta daina zama kusa da ni. In na ce "ke" za ta zo, ta yi abin da na sa ta, ta koma ɗaki. Abin ya dame ni ƙwarai, wallahi ya dame ni. Sau nawa ina gwada sunan a raina, in ya zo bakina sai ya maƙale.

Ana cikin haka hutun makaranta ya zo, iyalan 'yan Arewa da ke unguwarmu suka shirya tafiyar yini guda zuwa wasu tsibirai. Muka tashi bayan sallar asuba a doguwar mota, tafiyar kusan awa huɗu zuwa bakin teku. Na yi dambun shinkafa kula guda, na soya nama, na cika jarka da zoɓo. Maigida ya ce, "Ai ana ba da abinci a can." Na ce, "Malam, mutanen da ke zuba wa kifi sukari? A bar ni da kulata."

Mai jirgin wani dattijon Bamalaye ne da rana ta gasa, komai aka tambaye shi sai ya ce "boleh", wato ba matsala. Jirgin zai ɗauke mu duka? Boleh. Har da kula da jarka? Boleh. Ya raba mana rigunan nan masu ruwan lemo da ke hana mutum nutsewa, muka ɗaura a kan hijabai, kowace ta koma kamar buhun gero. Maƙwabciyata Hajiya, matar wani malami daga Zariya, wadda bakinta ba ya hutawa, ta dube ni ta ce, "In kika ɗauke ni hoto a haka, ni da ke har lahira."

Da injin ya tashi, jirgin ya fara dukan ruwa yana tsalle, Hajiya ta kama addu'a. Ta yi ta hawa abin hawa, ta yi ta shiga kasuwa, ina jin har ta cin abinci ta haɗa. Ina ta yi mata dariya, sai wani ruwa ya taso ya mare ni a fuska. Daga nan muka ci gaba da addu'ar tare.

Tsibiri na farko an sauka lafiya. Yashi fari tas, ruwa garau, kana ganin yatsun ƙafarka a ciki. Aka ci dambu, masu cewa kada a kawo su suka fi kowa loma. Yarinyar ta karɓi nata ta je can gefe kusa da babanta ta zauna.

A tsibiri na biyu ne abin ya faru. Nan ba a sauka ba, mai jirgi ya kashe inji can nesa da gaɓa ya jefa ƙarfe a ruwa. Ya fito da wasu manyan tabarau masu rufe ido da hanci, kowanne da bututu a gefe, ya yi ta bayani. Ni ban saurara ba, ina fama da murfin jarkar zoɓo da ke yoyo. Da ma ba shiga zan yi ba. Ruwan da na sani na bokiti ne, shi ma da kofi nake ɗiba. Na ce ni ce mai gadin takalma. Hajiya ta ce ita ce mataimakiyata.

Yarinyar kuwa a makaranta aka koya musu iyo. Ta saka tabarau, ta cusa bututu a baki, ta sulale ruwa ko waiwaye ba ta yi ba. Babanta ya bi wasu maza can ɗaya gefen jirgin. Na rungume ƙaramar a cinya ina hira da Hajiya, ina nuna kamar ba ruwana, amma wutsiyar idona tana kan babbar.

Ni a sanina, mai iyo kansa a sama yake, yana dukan ruwa yana ihu, yadda yaran unguwarmu ke yi a kududdufi da damina. Can sai na hango ta ta kifa ciki, fuska a cikin ruwa, hannuwa a baje, ba motsi. Ruwa na lilo da ita a hankali. Sau ɗaya na taɓa ganin mutum a ruwa a haka, ina yarinya, kuma wancan ba a fito da shi da rai ba.

Na miƙe na ce, "Ke!"

Na ƙara ɗaga murya.

"Ke! Ke, yarinyar nan!"

Mata uku suka ɗago kai daga ruwa, ciki har da wata 'yar ƙasar Sin daga wani jirgin da ba ta san hawa ba balle sauka. Ita ko gezau.

Ban san lokacin da na dangwara wa Hajiya ƙaramar ba. Na buɗe baki na ƙwala sunan, sunanta na yanka, wanda aka raɗa mata ran suna ina ɗaki ina sunkuyar da kai. Na ƙwala shi har sau uku, na taka gefen jirgi na faɗa teku da zanina da hijabina da komai.

Kai, teku ba mutunci! Na yi ƙasa, rigar nan ta cillo ni sama, hijabi ya kife mini a fuska, zani ya baje ya kama gabansa, Allah ya so ni akwai wando a ciki. Na sha ruwan gishiri ya fi kofi biyu. Ina harbe-harbe ina salati, ina jin mai jirgi yana ta surutu da yarensu, wannan karon ban ji boleh a ciki ba. Sai na ji an kama wuyan rigata an yaye mini hijabin.

Ita ce. Lafiyarta ƙalau, ta ɗage tabarau zuwa goshi.

"Umma! Me ya faru?"

Na ce, "Ba nutsewa kika yi ba?"

"Kifi nake kallo."

"Kifi? Ja'irar yarinya, kifi? Shi ne za ki kwanta kamar gawa ki tsinka mini zuciya? Kifin da ke cike da kasuwa?"

Sai a lokacin na duba gefe da gefe. Mutum ya fi goma kwance a ruwa kamar yadda ta yi, kowa da bututunsa a sama, har da maigidana da na hango ƙeyarsa. Ashe haka ake yin abin. Tun ɗazu suna nan, ni dai ita kaɗai idona ya gani.

Hajiya ta leƙo daga jirgi, ƙaramar a kafaɗarta, dariya ta hana ta tsayuwa daidai. "Ashe kin san sunan! Wallahi har mutanen kasuwar Kurmi a Kano sun ji. Shekara bakwai muna tare ina cewa ko mantawa kika yi!"

Na ce, "Hajiya, ki bari in fito tukuna."

Sauran matan suka ɗauka, wannan ta ce yau kunya ta faɗa ruwa, waccan ta ce a buga wa dangi waya a sanar. Na ji kamar in koma ƙasan tekun in zauna.

Yarinyar ba ta yi dariya ba. Tana riƙe da wuyan rigata da hannu ɗaya, ɗayan tana kaɗa ruwa don kada mu yi nisa da jirgi. Ta zuba mini ido, shatin tabarau a fuskarta. Sai ta yi magana da Hausa, Hausarta mai karkata da ta daɗe ba ta yi mini ba.

"Umma, sake faɗa."

Na ɗaga kai. Matan jirgi duk sun zubo mana ido, babanta ma ya ɗago yana kallo. Kunyar nan ta taso mini kamar kullum, na tuna mahaifiyata. Amma yarinyar tana jira, kuma a duk faɗin ƙasar nan ba ta da wata mai kiranta in ba ni ba.

Na faɗa, a hankali, ina kallonta.

Ta ce, "Na'am," ta kifa fuskarta a jiƙaƙƙen hijabina ta fashe da kuka.