Darɓa a Bayan Ganyen Shu

Yau da safe na juya ganyen shu, wato kabeji, a lambunmu na Jiratawa, yatsuna suka yi danƙo da darɓa, ƙwarin nan masu tsotse ganye. Sai marigayi Baba ya faɗo mini a rai. Yakan ce, "Ranar da ka ture bargo da asuba, ranar darɓa ke fara haihuwa."

Shekarar da na so tafiya Maraɗi yin kabu-kabu, ya riƙe hannuna a bakin rijiya. "Bari zafi ya kashe ta tukuna, ɗana."

Zafi ya zo, darɓa ta mutu, shi ma ya kwanta bai tashi ba. Lambun ba mai duba shi sai ni, har yau ban tafi ba. Allah ya jiƙan Baba, ya sanyaya makwancinsa.